Firjin da Ya Zaga Layi

Kowane layi da gwaninsa, amma akwai wani layi da Allah ya haɗa shi da gwanin gwanaye, wato mai kantin bakin kwana da kowa ke kira Na-Sani. Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana cewa, "Jiya na ji a rediyo wai…" zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na sani." Ranar da matarsa ta haihu ma, ungozoma na buɗe baki za ta yi masa albishir ɗin 'yan biyu ya ce ya sani, ya wuce kasuwa ya sayo rigar jariri guda ɗaya.

In ka tsaya a ƙofar kantinsa sai ka rantse ya fi kowa kaya a unguwar. Ga kwalayen taliya da na sabulu an jera har rufi, ga buhunan shinkafa sun jingina da bango sun yi ɓul-ɓul. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwalayen nan iska ce zalla a cikinsu, buhunan kuwa garin katako ne ya roƙo wajen kafinta ya ɗura. Abin sayarwa na gaskiya bai wuce ashana da gishiri da 'yan ƙulle-ƙullen sikari a kan tebur ba.

Cika baki ne ya cinye kantin. Duk maƙwabcin da ya zo da 'yar murya ya ce a ba shi mudu biyu zuwa ƙarshen wata, sai Na-Sani ya bugi ƙirji ya ce, "Mudu biyu, a kantina? Ɗauki huɗu." Tun dillalin da ke kawo masa kaya yana haƙuri har ya ɗauke ƙafa. A gida kuwa tukunya ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini, shi ɗin ma ba ta cika. In matarsa Uwar Biyu ta zuba masa nasa, sai ya shafa ciki, ya yi gyatsar ƙarya, ya ce, "Ba wa yara, na ci a waje." Wajen nan da yake ci, har yau ba a gano inda yake ba.

Ana cikin wannan hali sai ga wata jami'a daga wata ƙungiya mai tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Ta bi kantunan unguwa tana dubawa, da ta zo na Na-Sani ta ga kaya har rufi, sai ta ce to, ga amintaccen ɗan kasuwa. Ta buɗe jakarta ta ciro wata waya mai faɗin faranti ta ɗora masa a kan tebur.

"Cikin wayar nan akwai ƙirƙirarriyar basira," in ji ta. "Tana ji, tana gani, tana magana. Za ka shiga da ita gida-gida, ta yi wa mutane tambayoyi, ta ɗauki hoton ɗaki da madafa. Ita za ta auna gidan da ya fi buƙata, da abincin da zai ishe shi, da yadda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan ba tare da kuɗin ruwa ba. In komai ya tafi daidai, ƙarshen mako mota za ta sauke kaya a kantinka, kai ne wakilinmu, kana da ladanka a kan kowane buhu. Sharaɗin dai ɗaya ne, a nuna mata gida…"

"Na sani."

"…yadda yake."

"Na sani, Malama. Ni da irin waɗannan na'urori ai tare muka tashi."

Tela, wanda shagonsa ke manne da kantin, ya leƙo da zare a baki. Shi Allah ya yi shi don ya riƙa sace wa Na-Sani iskar taya.

"Tare kuka tashi? Kai da in wayarka ta yi ƙara sai ka miƙo mini in latsa maka?"

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji Na-Sani, ko kallonsa bai yi ba.

Jami'a na tafiya ya rungume wayar a ƙirji. Shi ba na'ura yake gani ba, mota yake gani cike da buhunan gaske, yana ganin kantinsa ya farfaɗo, tukunyar gidansa ta koma hawa murhu sau uku ba tare da kowa ya san ta taɓa sauka ba. In motar nan ta kuɓuce masa, to, sai dai ya rufe kanti, asirinsa ya tonu a layi. Saboda haka ya zauna ya yi tunani, abin da bai taɓa yi masa rana ba.

"Tela, bari in koya maka duniya," ya ce. "Bashi ba a ba wa matsiyaci. Ka taɓa ganin banki ya bi mai tsumma da gudu? Mai shi ake ba. In na'urar nan ta ga ɗakunan layinmu yadda suke, ko ƙwayar wake ba za ta saki ba."

"Matar nan fa cewa ta yi yadda yake."

"Wannan abin da bakinta ya faɗa kenan. Ni abin da ke cikin ranta na ji."

Gidan da ya fara shiga shi ne na Iya Mai Wanki, tsohuwar da ke riƙon jikokinta da kuɗin wankau. Ɗakinta tabarma ce da buta da kwandon kaya, sai igiya da aka rataye rigunan makarantar yara. Tana jin maganar hoto ta dafe ƙirji.

"Hoto, a ɗakin nan? Ɗan nan, so kake a kai tsiraicina ofis ana kallo ana shan shayi?"

"Kwantar da hankalinki, Iya. Kafin azahar ɗakin nan sai kin ɓata a cikinsa."

Ya kira Mai Kura, wani ƙato marar yawan magana da ke dakon kaya a layin, suka nufi gidansa. Uwar Biyu na wanke-wanke ta ga an fito da kujerunta masu laushi, an naɗe darduma, an sauke labule, an ciro agogon bango da ya daɗe da mutuwa. Sannan aka kama kokawa da firji, wanda rabonsa da sanyi tun 'yan biyu suna rarrafe, a ciki ma take ajiye kwanuka.

"Baban biyu, ina za ka kai mini kayan ɗaki?"

"Yawon buɗe ido za su je, su dawo da shinkafa."

"Kayan aro dai ba ya rufe katara."

"Na sani."

Ya ajiye wayar a bakin taga don ya kama wa Mai Kura. Sai da suka sha gumi kafin firjin ya hau kura, bayan ya gwabje ƙofar gida ya ƙara lotsawa a kan wadda yake da ita. Da Na-Sani ya koma ɗauko wayar, sai ya tarar da matarsa zaune a kan siminti tsakiyar ɗaki fayau, ta ɗora na'urar a cinya suna magana ƙasa-ƙasa.

"Me kike gaya mata?"

"Hirar mata ce."

"Na gode, Uwar Biyu," in ji na'urar cikin wata murya mai ladabi. "Allah ya rufa asiri."

Ya fizge abarsa. "Kar ki lalata mini ita da surutu," ya ce, ya fice.

Aka shirya ɗakin Iya tsaf. Aka shimfiɗa darduma, aka kafa agogo, aka girke firji a kusurwa duk da gidan ko wayar lantarki babu. Aka ɗora Iya a kan kujera mai laushi, ta nutse a ciki har ƙafafunta suka bar ƙasa, ta ƙanƙame hannun kujerar kamar wadda aka sa a kwalekwale.

"In ta ce sau nawa kuke cin abinci, ki ce sau huɗu."

"Huɗu? Ni ko lokacin da nake budurwa ban taɓa wuce biyu ba."

"Iya, ki dai faɗa. In kin rasa amsa ki dube ni."

Na'ura ta gaishe da Iya, ta tambayi yawan mutanen gida, sannan ta ce, "Iya, me kuka ci jiya?" Iya ta dubi Na-Sani. Yana bayan wayar ya lanƙwasa hannuwa yana fuffuka, yana kai wuya gaba da baya.

"Ungulu," in ji Iya.

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya durƙusa yana tonon ƙasa da ƙafa.

"Au, kaza. Kaza muka ci, 'yar nan. Har ta ishe mu muka ba wa maƙwabta."

Daga nan aka kwashe kaya sai gidan Mai Faci, inda firji ya shiga rabi ya maƙale a ƙofar ɗaki, ba gaba ba baya. Mai Faci da iyalinsa suna ciki, Na-Sani da na'ura suna waje, sai ta taga aka yi hirar. An koya masa ya ce shi injiniyan taya ne mai rassa a ko'ina, ya faɗa yana share gumi, matarsa na tambaya daga bayansa ko yau a ɗakin za su wuni. Da ƙyar aka ciro firjin, ya fito da rabin katakon ƙofar a jikinsa.

Haka aka bi gida shida, firji na gaba, kujeru na biye, yaran layi na rakiya suna tafi. Gidan Tela ne na ƙarshe. Shi bai so ba, matarsa ce ta ce in bai zauna an ɗauke shi ba, to, ya ɗinka musu abincin da za su ci. Ya hau kujera ya harɗe ƙafa, ya ce tunda ƙarya ake so, yau za a ga gwaninta.

"Kana da abin hawa?" in ji na'ura.

"Mota uku. Ɗaya tana kai yara makaranta, ɗaya tana kai ni shago, ɗaya kuma tana bin su a baya ko da za su gaji."

Na-Sani ya ɗaga masa babban yatsa, yana jin daɗi ɗalibinsa ya fara ganewa.

Da la'asar mutanen gidajen nan suka taru a ƙofar kanti, wasu har da buhunan da za su zuba rabonsu. Na-Sani ya gyara tsayuwa ya latsa.

"Ina taya mutanen layin nan murna," in ji na'ura. "Bisa abin da aka nuna mini, babu gidan da ke buƙatar bashin abinci a cikin shidan nan. Ina ma ba da shawara ƙungiya ta nemi gudummawa wajen mai mota uku. Sai dai abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Firji guda mai lotsattsiyar ƙofa na gani a duk gidajen, da agogo guda da ya tsaya a wuri guda. In kuskure aka yi, ana iya sake ɗauka."

Nan take wurin ya kaure. Matar Mai Faci ta ce a biya ta ƙofarta. Iya ta sunkuya ta cire takalmi ɗaya ta riƙe.

"Ɗan nan, ka sa na yi ƙaryar kaza da furfurata, ga shi ko ƙashinta ban gani ba."

"Ranka ya daɗe," in ji Tela, "in turo direbana ya kai ka gida?"

Na-Sani ya ga motar abinci tana juya masa baya. Amma fuskarsa ko gezau.

"Ku dai ba ku san aiki ba. Gwada ta nake yi, yanzu kuma na gano lagonta. Talauci take so, talauci za mu ba ta har sai ta ce ya isa."

Washegari da hantsi Mai Kura ya dawo bakin aiki, wannan karon ba kawowa zai yi ba, kwashewa zai yi. Na-Sani ya ce duk abin da ido zai gani a ɗaki ya fita. Aka kwashe tabarmi da katifu da tukwane da bokitai, aka ɗauke keken ɗinkin Tela yana tsaye yana salati, aka tafi da famfon Mai Faci na ba da iska. Duk aka jibge a tsakar gidan Na-Sani, a kan kayan Uwar Biyu da suka dawo daga yawon buɗe ido babu shinkafa. Sai da ta taka katifu uku kafin ta isa madafa.

"Baban biyu, gidana ne nan ko tasha?"

"Ajiya ce ta kwana biyu. Ki dai sa ido a kan butar Iya, ta ce gado ce."

Ya ɗebi toka a leda ya bi gida-gida yana shafa wa mutane a fuska da ƙwauri. Ya ce wa Mai Faci ya kwanta a ƙasa ya riƙa nishi. Mai Faci ya ɗauki abin da gaske, ya miƙe, ya juya idanu, ya saki wani gurnani da ya sa matarsa ta manta shiri ne ta ɗora hannu a ka. Ta ruga neman ruwan da za ta yayyafa masa, ba bokiti, ba kofi, duk suna gidan Na-Sani. Sai takalmi ta cire ta riƙa yi masa fifita da shi, garin fifita ta kwaɗa masa a hanci, marar lafiya ya tashi zaune yana tambayar wanda ya aike ta.

A gidan Tela, na'ura ta same shi zaune a ƙasa cikin yagaggiyar singileti, fuska fari fat.

"Yaushe rabonka da abinci?"

"Tun ina yaro."

"Jiya ka ce kana da mota uku."

"Yunwa ce ta matsa, na cinye su."

Da aka zo ɗakin Iya, tana tsugune a tsakiya, don ko abin zama ba a bar mata ba. Ranta ya riga ya gama ɓaci.

"Sannu, Iya," in ji na'ura. "Jiya na ga firji da kujeru da darduma. Yau ko tabarma babu. Ina kayan suka tafi?"

Na-Sani ya koma bayan waya yana hura iska da baki, yana kaɗa yatsu sama, wai gobara yake nufi. Iya ta kalle shi sama da ƙasa, ta kau da kai.

"Mai kanti ne ya zo da kura ya kwashe."

"Duka?"

"Har butar alwala."

"Da yardarki?"

"Yarda? An tambaye ni ne?"

"Na gode, Iya. Na sanar da ofis."

Na-Sani ya fito yana washe baki. "Kun ji ko? Ta sanar da ofis. Jiya ta sanar da wani ofis? Magana ta fara kyau."

Ranar da mota za ta zo, tun da safe ya aro lasifika wajen mai tallan magani, ya jera benci, ya sa rigarsa ta fita kunya. Ya ce irin wannan nasara ba a yin ta a ɓoye, dole unguwa ta ji da kunnenta. Ya haɗa wayar da lasifika, ya yi jawabi a kan yadda tun yana ƙarami malamansa suka hango zai yi aiki da na'urori. Mutanen gida shida suna zaune a gaba sun yi zuru-zuru, don kwana suka yi a kan siminti. Uwar Biyu kuwa tana can baya a tsaye, ta riƙe 'ya'yanta hagu da dama.

Can sai ga mota ta shawo kwana, buhuna sun yi tsiri a bayanta. Zuciyar Na-Sani ta yi tsalle. Jami'a ta sauko fuska ba annuri, wani ɗan sanda na biye da ita.

"Kun gani ko?" in ji Na-Sani ta cikin lasifika. "Har da ɗan sandan rakiya aka ba ni."

"Malam," in ji jami'a daga nesa, tana ratso benci, "mu shiga ciki mu yi magana. Rahoton nan sirri…"

"Na sani."

Ya latsa. Ita kanta na'urar sai da ta ja masa kunne. "Wannan bayani sirrin mutane ne," ta ce, muryarta na amsa kuwwa har ƙarshen layi. "Ka tabbata a nan za a karanta?"

"Karanta. Layinmu ba mu da abin ɓoyewa."

Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

"Gidaje shida sun yi arziki rana ɗaya, sun wayi gari ko tabarma babu," in ji na'ura. "Wani ya cinye motocinsa uku. Wata tsohuwa ta shaida mini mai kanti ne ya zo da kura ya kwashe mata kaya ba da yardarta ba, har butar alwala. Ina zargin an yi wa layin nan sata da rana tsaka."

Ɗan sanda ya gyara hula ya tako. Na-Sani ya fara ja da baya yana cewa, "Ajiya ce, yallaɓai, ajiya ce," har ya shige kanti da baya, ya jingina da ginin kwalayensa. Ginin nan da ya shekara yana tsare masa mutunci ya yi rangaji sau ɗaya ya rufto masa a ka.

Mata suka ɗauki salati, don kowa ya ɗauka taliya ta kashe shi. Sai aka ga kwalaye suna ta tsalle a ƙasa ba nauyi, iska ta ɗauki ɗaya ta mirgina shi tsakiyar titi. Ɗan sanda ya kutsa zai ciro shi, ya yi tuntuɓe, ya cafki buhun shinkafa don ya tsaya, buhu ya yage tun daga wuya har gindi. Garin katako ya turnuƙe kantin. Na-Sani ya rarrafo waje fari fat, da kwalin sabulu a ka, yana atishawa.

Dariya ta ɓarke. Tela ya faɗo daga benci yana riƙe ciki, yana nuna buhu, ya kasa magana. Cikin wannan hayaniya babu wanda ya tuna da na'ura, ita kuwa ba ta gama ba.

"Gida ɗaya ne ya amsa mini da gaskiya," ta ce. "Na tarar da ɗakin babu komai, amma matar gidan ta ce kar in rubuta haka, kayanta suna nan, yawon buɗe ido suka tafi, sai dai ba a cin firji. Su huɗu ne, girki sau ɗaya a yini. Maigidan yana cewa ya ci a waje don yara su samu nasa. Ta ce kayan kantinsa a tukwanen maƙwabta suka ƙare, kuma bai taɓa bin kowa ya ce a biya shi ba. Gidan mai kanti shi ne na farko a…"

Jami'a ta iso ta fizge wayar lasifika, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Dariyar ta ɗauke kamar ruwan sama. Tela ya tashi daga ƙasa a hankali yana kakkaɓe riga, ya kasa ɗaga ido, don shi ma ya tuna mudu huɗun da ya karɓa ranar da ya roƙi biyu. Babu wanda ke zaune a bencin nan da bai tuna nasa ba. Na-Sani kuwa kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya so a ce ƙasa ta tsage ya shige. Ya duba can baya ya hango matarsa. Ba ta sunkuyar da kai ba, kallonsa take yi, idonta ya kawo ruwa.

Iya Mai Wanki ce ta fara motsi. Ta dogara ta miƙe, ta je ta tsaya tsakanin ɗan sanda da Na-Sani.

"Ɗan nan, koma motarka. Wannan ba ɓarawo ba ne, wawa ne kawai, kuma namu ne. Butata tana gidansa, na san inda take."

Jami'a ta dubi kwalaye, ta dubi mai kwalaye, ta yi ajiyar zuciya. "Wace ce ta yi magana da na'urar nan a gidansa?"

"Ni ce," in ji Uwar Biyu.

Jami'a ta ratsa mutane ta ɗora mata wayar a hannu. Ta ce a mayar wa kowa kayansa, a sake ɗauka yau ɗin nan, gida yadda yake, kuma daga yau matar mai kanti ce wakiliya. Kaya dai a kantin za a sauke, tunda ga fili ya samu.

Mai Kura ya sake ɗaura ɗamara ya rarraba tabarmi da tukwane gida-gida, ya kuma rantse in ya ƙara ganin firjin nan a hanya sai dai ya canza layi. Uwar Biyu ta bi gidajen da na'ura. Tela ya zauna kusa da kekensa ya faɗi abin da yake samu, babu mota ko ɗaya. Iya ta shimfiɗa tabarmarta ta zauna ta gyara ɗankwali.

"Ɗauki, 'yar nan," ta ce. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Kafin la'asar kowane gida ya san rabonsa da yadda zai biya. Buhun farko da aka sauke daga mota na gidan mai kanti ne. Na-Sani ya tsaya a kansa, har yanzu da garin katako a gira, ya yi gyaran murya.

"Dama tun farko dabarar da na shirya kenan, in sa a…"

"Adana numfashinka, mutumina," in ji Tela, ya sunkuya ya kama ɗaya bakin buhun. "Wannan ba irin na kantinka ba ne, yana da nauyi."

Suka ɗauka tare har gida, suna tafe suna hutawa.

Kafin rana ta faɗi tukunya ta sauka daga murhu, a cike har baki. Uwar Biyu ta zuba wa yara nasu, ta zuba na maigida ta ajiye masa a kan darduma, kusa da firjin da ya dawo kusurwarsa da sababbin tabo. Na-Sani ya kalli farantin. Hannunsa ya tafi kan ciki da kansa, don sabo turken wawa ne.

"Ba wa yara, ai na ci a…"

"Na sani," in ji Uwar Biyu, ta tura farantin gabansa.

Ya wanke hannu, ya ci har ya suɗe, sannan ya miƙa mata farantin ya nemi ƙari.